Yaɓen Cikin Mafitsara da Bashin da Tsargiya Take Bari

Duk wanda ya tashi a gidan da ake yanka rago ranar Babbar Sallah ya san abin da yara suke tsugunne suna jira a gefen mai fiɗa. Hanta da ƙoda na manya ne, rabon yara mafitsara. A matse abin da ke cikinta, a ɗauraye, a zura mata kara a hura, sai ga 'yar jakar da ba ta cika tafin hannu ba ta kumbura ta zama ƙwallo, a yi ta bugu har la'asar. Na yi wannan wasa ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda aka yi jaka mai laushi haka take riƙe fitsari ba. Fitsari dai ruwa ne da jiki yake tattara abin da ba ya so ya zuba a ciki: gishiri, yuriya, asid da ragowar magunguna. Idan ya daɗe a kan fatar jariri, sai fatar ta yi ja ta saɓule. Amma mafitsarar mutum tana riƙe shi sa'o'i, ta cika ta saki sau da yawa a yini, shekara saba'in ko tamanin, ba ta yoyo, ba ta ruɓewa.

Sirrin yana cikin wani siririn shafi da ya lulluɓe cikinta, wanda kaurinsa bai wuce na takarda ba. Masana suna kiran irin wannan shafi efitiliyam. Ni zan kira shi yaɓe, domin aikinsa a jiki shi ne aikin yaɓe a ginin ƙasa: shi ke fuskantar ruwa da iska, kuma muddin yana nan lafiya, tubalin da ke bayansa yana nan lafiya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata magana da na sha ji a kudancin Jihar Sakkwato, a ƙasar Tambuwal da Kebbe, kuma na san ana yin irinta a wurare da yawa na ƙasar Hausa. Yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, sai a ce tsargiya ce, kowa ya yi, za ta wuce. Wasu su ce zafin rana ne, wasu ma su ɗauke ta alamar balaga. Kuma lalle jinin yakan tsaya idan an girma. Ra'ayina shi ne wannan tsayawar jini ita ce babbar yaudarar da cutar take yi mana, kuma ba za a gane haka ba sai an leƙa yadda aka gina yaɓen nan, da abin da yake zama idan aka shekara ashirin ana huda shi.

* * *

Jikin mutum, duk da yawan gaɓoɓinsa, da kayan gini iri huɗu aka yi shi: tsoka mai motsi, jijiyoyin saƙo, nama mai haɗa gaɓoɓi da tallafe su, wanda ƙashi da jini ma a cikinsa ake lissafa su, sai kuma yaɓe. Wani masanin jiki ɗan ƙasar Holan, Frederik Ruysch, shi ya ƙago sunan efitiliyam a farkon ƙarni na 18, yana nufin fatar leɓe kawai. Sai a 1838 Jakob Henle na Jamus ya nuna da madubin likita cewa irin wannan shafi ya shimfiɗu a dukan bayan jiki da cikin kowane rami da kowane bututu da ke cikinsa. Babu abin da zai shiga jinin mutum ta hanyar ɗabi'a, ko abinci ne ko iska, kuma babu abin da zai fita, ko gumi ne ko nono ko fitsari, sai ya ratsa yaɓe ko kuma yaɓe ne ya sarrafa shi.

Majeman Sakkwato sun daɗe suna raba yaɓe da abin da ke ƙarƙashinsa ba tare da sun san sunansa na boko ba. Idan majemi ya jiƙa fatar jar akuya a ruwan toka ya zo yana kankare gashi, abin da yake tafiya tare da gashin shi ne yaɓen. Abin da ya rage, wanda zai sha bagaruwa ya zama jaka ko takalmi, shi ne naman da ke tallafe da shi.

A ƙarƙashin madubi, abin da ake fara gane yaɓe da shi shi ne cunkoso. A sauran nama ƙwayoyin halitta a warwatse suke cikin zare da ruwa. A yaɓe kuwa a jere suke kafaɗa da kafaɗa kamar sahun salla, babu wurin da za a sa tsinke. Kusa da saman kowace ƙwaya akwai wani ɗinki da ya kewaye ta ya manne ta da maƙwabtanta, irin ɗinkin da baduku yake yi wa salka don kada ruwa ya bi ta tsakani. Ƙasa da shi akwai wasu maɗaurai masu kama da maɓalli, su ne suke hana ƙwayoyin rabuwa idan an ja ko an murza. Marilyn Farquhar da George Palade ne suka fayyace tsarin waɗannan maɗaurai a 1963, bayan da madubin lantarki ya samu. Kowace ƙwaya kuma ta san samanta da ƙasanta. Fuskar da take kallon waje daban, gindin da take zaune a kai daban, kuma abin da take zaune a kai wata siririyar shimfiɗa ce ta furotin, wadda zan kira tabarma. Mai karatu ya riƙe wannan tabarma, domin a kanta rabin maganar nan za ta tsaya.

Ga kuma abin da na fi so a lura da shi: babu jijiyar jini ko ɗaya a cikin yaɓe. Jijiyoyin suna ƙarƙashin tabarma, abinci da iska daga can suke tsattsafowa sama. Shi ya sa mutum zai ƙuje fatarsa sama-sama bai ga jini ba. To idan haka ne, ɗigon jini a fitsari ba shi da fassara biyu. Wani abu ya fasa jijiya, ya keta tabarma, ya ɓula yaɓe. Babu wani mataki na girman ɗa namiji da ya ƙunshi haka.

Siffar ƙwayoyin tana bin aikin da aka ba su. A cikin huhu, inda ake so iska ta wuce nan take, layi ɗaya ne na ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu kamar ɓawon albasa, har tazarar da ke tsakanin iska da jini ba ta kai maikuromita ɗaya ba a wurare da yawa, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A bututun ƙoda ƙwayoyin kamar tubalin siminti suke, cike da injinan ƙarfi, domin ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwa a yini, su kuma sai sun mayar da kusan duka cikin jini, su bar lita ɗaya da rabi ta zama fitsari. A hanji dogaye ne a tsaye, kansu da geza don su sha abinci, kuma cikin kwana uku zuwa biyar an sake su baki ɗaya. A kan waɗannan ƙwayoyi ne akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gishiri sai tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. Wannan ƙofa ce ta sa ruwan gishiri da sukari yake ceton mai amai da gudawa. A bututun iska suna da gashi mai kaɗawa, shi ne yake share ƙurar hunturu da majina ta kama ya turo ta sama mu tofar. A fata da baki kuwa, inda guga ta fi yawa, hawa-hawa ne: na ƙasa suna haihuwa, na sama suna mutuwa suna kakkaɓewa.

Yaɓen mafitsara bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma a hanyar fitsari kaɗai ake samunsa. An ɗora masa ayyuka biyu da suke karo da juna: ya miƙe ya tsuke kamar roba, kuma kada ya bar komai ya wuce. Idan mafitsara ba kowa, za a ƙirga hawa biyar zuwa bakwai na ƙwayoyi. Idan ta cika da kusan rabin lita, sai su baje su koma kamar hawa biyu ko uku. A can sama akwai wasu manyan ƙwayoyi da ake kira masu laima, domin kowace ɗaya tana rufe ƙanana da yawa a ƙarƙashinta, kuma sau da yawa cibiya biyu gare ta. Fuskarsu a lulluɓe take da faranti-faranti na wani furotin mai tauri, kamar sulke, da gaɓoɓi masu lanƙwasa a tsakani. Ƙwayar tana ajiye wasu farantan a cikinta. Idan fitsari ya taru sai ta fito da su ta ƙara faɗin fuskarta, idan an saki sai ta naɗe, kamar yadda zugazugin maƙeri yake buɗewa yana rufewa. A duk jiki da wuya a sami shinge mai hana yoyo kamarsa. Kuma saboda ba a yi shi don guga ba, a hankali yake sabunta kansa, sai a yi watanni ƙwaya ɗaya tana bakin aikinta. An yi shi ne don zaman lafiya.

* * *

Gulbin Zamfara ya ratso ta Gummi, ya bi ta ƙasar Kebbe, ya wuce Jega. A gefensa akwai fadamu irin na Kuchi, a ƙasar Tambuwal kuma ga tafkin Romo da masuntansa, ga kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda damina take cikawa. Wannan ruwa shi ne shinkafa da kifi da albasa da wanki da wankan yara. A cikinsa kuma wani ɗan ƙaramin dodon koɗi yake zaune, na jinsin Bulinus, wanda tsutsar tsargiya ba ta iya rayuwa sai ta bi ta cikinsa.

Theodor Bilharz, wani likita Bajamushe, shi ya fara ganin tsutsar a gawar mutum a Alƙahira a 1851, Robert Leiper kuma ya tabbatar da rawar dodon koɗi a 1915. Ƙwai yana fita da fitsari, ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ɗan ya shiga dodon koɗi ya hayayyafa, bayan 'yan makonni dubban 'ya'ya masu wutsiya su fito suna iyo. Ba sai an sha ruwan ba. Fatar ƙafa ko ta hannu suke hudawa cikin 'yan mintoci, wato yaɓe na farko ke nan da suka keta. Su girma a cikin jini, mace da namiji su haɗu, su tare a jijiyoyin da suka kewaye mafitsara. Can za su zauna shekara uku zuwa biyar, wasu fiye, macen tana zuba ƙwai har ɗaruruwa a yini.

Tsutsar kanta ba ta cika ɓarna ba. Ƙwan ne masifa. Tsawonsa kimanin maikuromita 150, da ƙaya a gindinsa, kuma ba shi da wata manufa sai ya kai ga ruwa. Daga cikin jijiya zai fito, ya ratsa naman bangon mafitsara, ya keta tabarma, ya ture masu laima, ya faɗa cikin fitsari. Kowane ƙwai da ya fita ya bar ƙofa a buɗe. Jinin yakan zo a ƙarshen fitsari ne domin a lokacin mafitsara take matsewa, ta tatso raunukan. Wani abin mamaki, ƙwan ya fi fita da tsakar rana, daidai lokacin da zafi yake kora yara cikin tafki.

Wanda ya fita ke nan. Kaso mai yawa ba ya fita, sai ya maƙale a bango. Ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su kewaye shi, su yi masa ƙulli, ƙullin ya zama tabo, ƙwan ya mutu ya daskare ya zama kamar tsakuwa. Likitan da ya leƙa irin wannan mafitsara da na'ura yakan ga wurare kamar an watsa rairayi. A hoton ƙashi wani lokaci sai a ga zanen mafitsarar fari fat, alhali lafiyayyar mafitsara ba ta fitowa haka. Idan tabon ya kama bakin bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya riƙa komawa baya, ƙodar ta kumbura ta lalace a hankali ba tare da wani ciwon kirki ba. Mata ma ba su tsira ba: ƙwan yana maƙalewa a yaɓen bakin mahaifa da farji, ya kawo ƙaiƙayi da zubar jini da ciwon mara, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba, wani lokaci har da zargin da bai kamata ba.

To me ya sa jinin yake tsayawa idan an girma? Wani ɓangare saboda babba ba ya wanka a tafki kamar yaro, kuma jikinsa ya ɗan koyi faɗa da sababbin tsutsotsi. Wani ɓangare kuma saboda bango ya yi tabo ya yi kauri, ƙwai ba ya samun hanyar fita kamar da. Abin da muke karantawa a matsayin warkewa, sau da yawa rufe ƙofa ne a kan abin da ya riga ya shige.

Yaɓen kansa kuma yana da amsar da yake bayarwa. Manomin da ya shekara yana riƙe da fartanya hannunsa yakan yi kanta. Mafitsara ma haka: ƙwayoyin da suke zaune a kan tabarma, masu haifar sauran, idan huda da kumburi suka ƙi ƙarewa sai su sauya irin 'ya'yan da suke haifa. Maimakon masu laima, sai su fara jera shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi hawa-hawa irin na fata, har da ɓawo mai tauri a sama. Fata ta tsiro a cikin mafitsara. Masana suna kiran wannan sauyi metafilasiya, kuma dabara ce ta kare kai, ba ciwon daji ba ne. Sai dai dabara ce mai tsada. Sabon yaɓen ya fi jure guga, amma ba shi da sulke, ba ya miƙewa, kuma fitsari yana tsattsafawa ta cikinsa. Mafitsarar da ta yi tabo ba ta juye duk abin da ke cikinta, ƙwayoyin bakteriya su sami wurin zama, wasunsu kuma suna sarrafa abin da ke cikin fitsari su fitar da sinadaran naitirosamin, waɗanda aka san suna lalata kundin gadon ƙwayar halitta. Ga guba, ga kumburi, ga ƙwayoyin da aka tilasta musu haihuwa ba hutu alhali an yi su don su yi watanni a zaune. Duk haihuwa ɗaya kwafe kundin ne, duk kwafi kuma dama ce ta kuskure. Idan mutumin yana shan taba, an ƙara wa wuta itace.

Da kurakurai suka taru, sahu sai ya fara karkacewa. A madubi za a ga cibiyoyi manya baƙaƙe, ƙwayoyin sun manta sama da ƙasa. Duk da haka, muddin suna bisa tabarma, babu jijiyar da za su shiga, don haka babu inda za su je. Ranar da suka narkar da tabarma suka gangara cikin nama, ranar ciwon daji ya zama mai yaɗuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma a ilimin ciwon daji bangon da ake nufi bai kai kaurin gashi ba. Wannan ba a mafitsara kaɗai ba: fiye da takwas cikin goma na ciwon daji a jikin mutum, na mama, na bakin mahaifa, na hanji, na huhu, daga yaɓe suke tasowa.

Gaskiya ce a faɗa, mafi yawan masu tsargiya ba za su taɓa kaiwa nan ba. Amma idan masu ɗauke da cuta miliyoyi ne, kaɗan daga cikinsu ma jama'a ce, kuma Nijeriya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu tsargiya a duniya. Tun 1911 wani likita mai suna Ferguson ya danganta ta da ciwon dajin mafitsara a Masar, a 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan tsutsa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi. A Turai da Amurka, kusan tara cikin goma na ciwon dajin mafitsara daga asalin yaɓenta yake tasowa, cutar tsofaffi ce 'yan saba'in, kuma taba ce babban sanadi. A Sakkwato hoton daban ne. Nazarin da aka yi na cututtukan dajin da aka gani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tsakanin 1999 da 2004 ya nuna na mafitsara a sahun gaba a tsakanin maza. A 2007 kuma Isma'ila Mungadi da Sani Malami suka wallafa cewa mafi yawan ciwon dajin mafitsarar da ake gani a can na shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi ne irin na fata, da ƙwan tsargiya a cikin da yawa daga yankan da aka duba. Irin wannan daji yana kama mutum da wuri, yana ɗan arba'in ko hamsin, lokacin da gida yake kansa, kuma galibi ba a ganinsa sai ya riga ya shiga tsoka.

Masar ta nuna cewa wannan ba ƙaddarar da ba ta sauyawa ba ce. A babbar cibiyar ciwon daji ta Alƙahira, a 1980 fiye da kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsara irin na fata ne. Zuwa 2005, bayan shekaru ana yaƙi da tsargiya, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. A lura da tazarar: abin da aka yi wa yara ne ya bayyana a jikin manya bayan shekara ashirin da wani abu.

* * *

Magani akwai, kuma ba sabo ba ne. Firazikwantel tun shekarun 1970 aka samar da shi, sha ɗaya ake yi, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma ana iya auna yaro da sandar tsawo idan babu sikeli. Kamfanin Merck yana bayar da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, har ƙwaya miliyan 250 a shekara. A Jihar Sakkwato an daɗe ana raba shi tare da tallafin ƙungiyar Sightsavers. Binciken da aka yi da na'urar hoton ciki a ƙasashen Afirka da dama ya nuna cewa a jikin yara mafi yawan kumburin bangon mafitsara yana bajewa cikin watanni bayan sha. Yaɓe yana da yafiya idan an zo da wuri.

Inda nake da ja shi ne yadda muka ɗaure rabon da makarantar boko. An yi haka don sauƙi: yara a jere, malami da rajista. Amma wa ya fi daɗewa a cikin ruwa? Almajirin da yake wankinsa a kududdufi, ɗan masunci da yake bin ubansa da koma, yarinyar da take wanke-wanke a bakin gulbi, mai dashen shinkafa da yake yini ruwa har gwiwa. Rajistar firamare ba ta san da yawansu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa shawararta: duk garin da masu cutar suka kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa daga ɗan shekara biyu zuwa sama sau ɗaya a shekara, har da manya, da masu shayarwa, da masu ciki bayan wata uku na farko. A ganina, a ƙasa irin Kebbe da Tambuwal wannan yana nufin maganin ya je tsangaya da makarantar allo da mashaya da bakin fadama, ta hannun alaramma da sarkin ruwa da sarkin noma, kuma a tabbatar an ci abinci kafin a sha. Maganin yana sa jiri da tashin zuciya a kan yunwa, kuma yara biyu da suka yi amai a filin makaranta sun isa su sa gari guda ya ƙi karɓa baɗi.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini. Na farko, mutanen da suke fama da zazzaɓin cizon sauro da yunwa da rashin tsaro, ina su ina cutar da ba ta kisa yau? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma a gwada farashin ƙwayoyi uku ko huɗu na kyauta da farashin cire mafitsara ɗungurungum, a fitar wa mutum da fitsari ta wata hanya, bayan an sayar da shanu an yi jigila zuwa Sakkwato. Tsargiya kuma ba ta jira shekara talatin kafin ta fara karɓar kuɗinta: yaron da yake zubar da jini kullum jininsa yana ƙaranci, ga kasala, ga rashin riƙe karatu.

Na biyu, a ce ai banza ne, yau a sha magani gobe a koma ruwa. Gaskiya ne maganin ba ya hana sake kamuwa, ba ya ma kashe tsutsar da ba ta balaga ba. Sai dai wanda ya fahimci yaɓe ya san cewa ɓarnar lissafin tarawa ce: ƙwai nawa suka ratsa bango, cikin shekara nawa. Yaron da ake kashe masa tsutsotsi duk shekara zai sake kamuwa, amma ba zai tara abin da ubansa ya tara ba, kuma yaɓensa yana samun lokacin gyara tsakanin hari da hari. Abin da ba na goyon baya shi ne wa'azin a daina shiga ruwa. Faɗa wa Basarke ya nisanci gulbi ba shawara ba ce, izgili ne. Abin da za a iya nema daga kowa shi ne kada fitsari ya shiga ruwan, kuma wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu, domin hanin yin fitsari a ruwa kwance yana cikin ingantattun hadisai, kowane almajiri ya karanta shi. Saura a haɗa shi da rijiyar burtsatse da makewayi a kusa da mashaya, don hanin ya zama abin da za a iya bi.

Akwai kuma kuskure na biyu da raina tsargiya ya haifar, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Mutum ɗan shekara arba'in da biyar ya ga jini a fitsarinsa, sai ya tuna yarintarsa ya ce tsohuwar abokiya ce ta dawo. Ya je kemis a ba shi ƙwayoyi, jinin ya ɗan lafa, ya dawo, a sake ba shi. Shekara ta wuce. Jini a fitsarin yaro ɗan gulbi galibi tsargiya ce. Jini a fitsarin babba, musamman idan da gudaji, ko wani fari-fari mai kama da ɓawo, ko fitsarin ya riƙa wari, wannan sai an leƙa mafitsara an yanko ɗan nama an duba. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. A can ne za a jiƙa yankan a fomalin, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri maikuromita huɗu ko biyar, a rina shi da shuɗi da ja kamar yadda marini yake yi, sannan likita ya duba tambaya ɗaya tak: suna bisa tabarma, ko sun keta? Duk ma'aikacin lafiya na ƙauye da duk mai kemis ya kamata ya san cewa aikinsa a nan turawa ne, ba sayarwa ba.

'Yan sakandarenmu suna haddace ire-iren efitiliyam don jarrabawa, su zana murabba'ai a littafi, da yawansu ba su taɓa sa ido a madubin likita ba, wasunsu kuma suna fitsarin jini a bayan ajin da ake koya musu darasin. Ba a taɓa ce musu zanen nan nasu ne ba. Ina ganin abin da ya fi lacca amfani shi ne ma'aikacin lafiya ya ɗauki madubi ɗaya ya je ƙofar gidan mai gari ranar kasuwa. A karɓi fitsarin yaro tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, a tace mililita 10, a ɗora a gilashi, a kira uban ya duba da idonsa. Zai ga ƙwan da ƙayarsa, da wani abu yana motsi a ciki. Idan aka ɗiga masa ruwa mai daɗi aka ɗan jira, ɓawon zai tsage, ɗan tsutsar ya fito yana iyo yana neman dodon koɗi.